Amsa ga mai tambaya kan kalmar "prohibitive"

Ɗan'uwa, ka ce ka ci karo da "prohibitive cost" a wani rahoto kan kuɗin kujerar Hajji, kana tambaya ko haramun ake nufi ko tsada. Na daɗe ina fassara labarai a gidan rediyo, kuma kalmar nan ta taɓa ja mana magana.

Tushenta ɗaya da "prohibit", wato hanawa, shi ya sa ake amfani da ita a kan doka ko harajin da aka ƙaƙaba don a hana mutane wani abu. Amma idan ka gan ta a jikin farashi, babu hukumar da ta hana, babu malamin da ya haramta. Kuɗin ne da kansa ya tare hanya. Wani yaro da muka yi aiki tare ya taɓa karantawa a iska cewa "an haramta takin zamani", alhali rahoton cewa ya yi manoma sun kasa saye. Ranar wayarmu ba ta huta ba, manoma na ta tambaya wa ya haramta, yaushe kuma.

"Tsada" ita kaɗai ba ta ɗauke ta. Je ka Dawanau ka tsaya kusa da mai masara. Wani zai tambayi kuɗin buhu, ya yi salati, ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, daga ƙarshe ya ƙirgo kuɗi yana mita. Wannan tsada ce, ko ma ɗan karen tsada, amma dai an saya. Wani kuwa yana jin kuɗin sai ya zare hannunsa daga cikin buhun, ya kakkaɓe, ya ce "Allah ya kawo kasuwa", ya wuce ko tayi bai yi ba. To, abin da ya sami mutum na biyun nan shi kalmar ke faɗa.

A ganina kada ka wahalar da kanka neman sifa guda. Mu da aikatau muke faɗin wannan: ba ya sayuwa, ba ya taɓuwa, ya fi ƙarfin talaka. Ni na fi son "ba ya sayuwa", don gajere ne kuma duk wanda ke zuwa cefane ya san shi. "Tashin gwauron zabi" kuwa hauhawa kawai yake nunawa, kamar yadda man fetur ya yi bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Abu na iya tashi a ci gaba da saye. "Ya gagari Kundila" ma ka adana shi sai inda har masu hannu da shuni suka ja da baya.

A rahoton naka, ni cewa zan yi kuɗin kujera ya fi ƙarfin maniyyata da yawa. Ka tuna 2024, da aka nemi waɗanda suka riga suka biya su ciko kusan naira miliyan 1.9. Na san dattijon da ya sayar da shanunsa ya biya na farko, cikon ya gagare shi, ya karɓo kuɗinsa ya ce sai wata shekarar in da rai.