Bindigar da Baba ya bari: a sake mata jiki ko a gyara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifina ya rasu ya bar bindigar farautarsa, BRNO Model 2 mai cin harsashi .22, irin mai sakata da ake ja da hannu. Katakon ya tsage, harsashi kuma ba ya zuwa inda aka saita. An ba ni shawarar in sake mata bututu da katako, in ɗora mata madubin hange. Kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?
Wani mafarauci, Gwaram, Jihar Jigawa

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba. Shawararmu ita ce a gyara ta, kada a sake mata jiki.

Amma takarda tukuna. Lasisi ba a gadonsa. A Dokar Makamai ta 1959, Sufeto-Janar na 'yan sanda ke ba da lasisin irin wannan bindiga, ba kamar adaka ba, wadda Kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da nata. Mai gyaran ma sai yana da izini, don haka kada ka kai ta maƙera. Ka fara zuwa ofishin 'yan sanda da tsohon lasisin Baba.

Wannan ƙirar Chekoslobakiya ce mai ƙarfe nagari, kuma harsashin .22 na dalma ne, da wuya ya cinye bututu. Abin da ke kashe bututu a ƙauyukanmu tsatsar damina ce da gidan zanzaro. Zanzaro kan toshe bakin da laka, a harba ba a duba ba, bututu ya kumbura daga ciki. Cire gidan harsashi, ka tabbata ba komai a ciki, ka zare sakatar, ka leƙa ta baya kana fuskantar haske. Sannan ka tura ƙyalle mai ɗan mai da sandar goge bututu, daga baya zuwa gaba. In ƙyallen na tafiya da tauri, ya saki a wani wuri, ya sake kamawa, to nan ne kumburin. Duba leɓen bakin ma: ɗan giɓi ƙanƙani a wurin ya isa ya karkatar da harsashi, kuma mai gyara yana daidaita shi ba tare da an sake bututu ba.

Mu dai katakon muke zargi. Hunturu na busar da shi har sukurorin da ke riƙe ƙarfe su yi sako-sako. Man da ake ɗurawa a jingine bindiga tsaye kuma yana gangarowa ya jiƙa wuyan katakon, ya yi laushi, ya tsage. A wanke man daga tsagar har ta bushe sarai, a cusa gam ɗin Araldite, a ɗaure tam da robar tayar keke, a bar shi kwana ɗaya. In an shafa a kan mai, ba zai kama ba.

Bayan an ɗaure sukurori, mai lasisi ya gwada harbi biyar daga mita 50, da harsashi iri ɗaya, bindiga a kan buhun yashi, tudun ƙasa a bayan abin saiti. In duka suka taru cikin santimita 3, bututun lafiyarsa lau, ya ishi zomo da zabon daji.

Madubi ba laifi, don saman ƙarfen yana da layin da ake maƙala shi. A auna faɗin layin kafin sayen mariƙi, domin ba duka ne faɗi ɗaya ba. Kada a huda ƙarfen, kada kuma kowa ya goga kunama da magagari don ta yi laushi, saboda tana iya tashi da kanta in bindiga ta faɗi.

In kuwa an sami kumburi ko tsatsa ta yi ramuka a ciki, sabon bututu daga waje za a shigo da shi, da izini na daban, kuma shi da aikin ɗaurawa za su iya zarce darajar bindigar. A nan kada a ƙara harba ta.