Hoton fatalwa: fara shi daga Damagaram

Ƙanena, ka ce kana shekarar ƙarshe a fiziks a Jami'ar André Salifou, kana son fitowa waje ka yi bincike kan hoton fatalwa, wato haɗa hoton abu daga awon jimillar haske ba tare da kyamara ta kalle shi ba, kana tambaya ko dole sai ka samu ɗakin gwaji na Turai kafin ka taɓa komai. Ba dole ba ne. Reshe ɗaya ne kawai ke buƙatar haka.

Asalin abin, a 1995 ne Pittman da Shih da abokan aikinsu a Maryland ta Amurka suka haska leza cikin ƙiristal na BBO, foton ɗaya, wato ƙwayar haske, ya rabu ya zama tagwaye. Ɗaya ya ratsa abin da ake son ɗauka ya faɗa na'urar da ake kira bokiti, wadda jimillar haske kawai take aunawa. Ɗayan bai ko kusanci abin ba, amma an san inda ya sauka. Sai an gwama lissafin biyun hoto yake fitowa, shi ya sa aka ce fatalwa. Wannan yana son teburin da ba ya girgiza da na'urar ƙidaya foton ɗaya-ɗaya, ka bar shi sai ka zo. A 2002 rukunin Boyd a Rochester ya nuna ana iya yi ba tare da tagwayen ba, a 2008 kuma Shapiro na jami'ar MIT ta Amurka ya ce in ka san zanen hasken da kake jefawa, kwamfuta ta isa ta maye gurbin hasken na biyu, wanda ba ya kusantar abin. Nan ne naka.

Nemi majigi, da fotodayod (na'urar auna haske) irin BPW34, da ƙaramin amfilifaya, da Arduino, ɗan allon lantarki da zai karanta awon. Kada ka yarda da LDR, wata na'urar auna hasken, duk arharta, jinkiri gare ta. Ma'aunin Arduino Uno kuma matakai 1024 ne kacal, alhali bambancin da kake farauta ɗan mitsitsi ne a kan haske mai yawa, don haka ƙara masa ADS1115, ma'auni mai matakai da yawa fiye da haka. Yanke harafi baƙi ka manna a farar takarda, majigi ya riƙa jefa mata zanen fari da baƙi, fotodayod yana auna abin da ya dawo. Lissafin gajere ne: cire matsakaici daga kowane awo, ninka da zanensa, tara duka.

Fara da zane mai ɗigo 32 sau 32. Da zanen Hadamard, wato jerin zanen fari da baƙi da aka tsara ta lissafi, awo 1024 ya wadatar, zanen barkatai kuwa sai ka ninka haka sau da yawa hoton yana nan dishi-dishi. Ka jefa kowane zane tare da kishiyarsa, inda fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, ka ɗauki bambancin, awo 2048 ke nan, a biyar cikin daƙiƙa kusan minti bakwai. Wannan dabara ce ke share hasken da ya sato ta ƙasan ƙofa, ta kuma rage illar sauyin ƙarfin fitilar majigi, wadda ya kamata ka bar ta ta yi zafi tukuna.

Inda aka fi faɗuwa shi ne daidaita lokaci. In awo ya zame da zane ɗaya tak, yayyafi za ka gani, ka zaci wayoyi ne. Jira zane ya zauna, sannan ka auna tsawon milisakan 100 cif. Dalili: wutarmu 50 take kaɗawa a daƙiƙa, majigi galibi 60, kuma 100 ɗin ta ɗauke zagayen kowanne ba saura. Yi aikin da dare. Da hunturu goge gilashin majigi kafin ka fara, ƙura tana watsa haske ta dusashe baƙin zane. Ka riƙa adana kowane awo nan take, don in wuta ta ɗauke a minti na shida kada ka koma farko.

In hoto ya fito, gwada da rabin zanen, da rubu'i, ka nuna yadda yake lalacewa, ka rubuta shafi biyu da Turancin Ingilishi, tunda da shi ake buga kusan duk binciken fannin. Shi za ka haɗa da wasiƙarka zuwa malamai irin na rukunin Padgett a Glasgow. Duba kuma difloma ta cibiyar fiziks ta ICTP a Trieste ta Italiya da digiri na biyu na cibiyar lissafi ta AIMS a Senegal, dukansu suna ɗaukar nauyin ɗalibi. Kafin nan ƙarfafa aljebrar matris da ilimin haske na Fourier da Python, kuma ka turo hoton farko ko da bai yi kyau ba.