Amsa ga Yaya kan yaron da ke ɗaure-ɗauren tsumma

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Yaya, na saurari muryarki tun da safe, sai yanzu na samu zama. Kin ce yaronki mai larurar nan da likitoci ke kira Down syndrome ya wuni yana tsince tsumma da zare yana naɗe su a jikin kara da murfin kwano, kuma mutanen gida sun ce a kwashe a ƙone, wai ƙazanta ce. Kina tambaya ko ki hana shi. Don Allah kar ki hana shi. Bari ki ji dalili.

A Amurka, a garin Oakland na jihar Kalifoniya, akwai wani gidan zane da ake kira Creative Growth. Wasu ma'aurata, Florence da Elias Katz, suka buɗe shi a 1974, domin manyan mutane masu irin wannan larura. Wajen ba makaranta ba ne, ba asibiti ba ne. Ana ba mutum tebur, fenti, yumɓu, zare, a ƙyale shi ya yi abin da ransa ya ba shi. Ma'aikatan su ma masu zane ne, kuma ba sa kama hannun kowa su gyara masa aiki. In an sayar da aikin, mai shi yana da kasonsa.

To, a nan wata baiwar Allah Judith Scott ta yi aiki. An haife ta a 1943, 'yan biyu ne ita da 'yar uwarta Joyce. Tana da larura irin ta ɗanki, kuma kurma ce, amma shekaru suka wuce ba wanda ya gane ba ta ji, sai aka ɗauka ba ta fahimtar komai. Tana shekara 7 aka raba ta da 'yar uwarta aka kai ta gidan ajiye naƙasassu a Ohio. Shekara 35 tana ciki. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai zuciyata ta karye, Hassana a gida, Usaina a kulle. Daga baya Joyce ta je ta ɗauko ta, a 1987 ta kai ta wannan gidan zanen.

Nan ne nake so ki kasa kunne, Yaya. Kusan shekara 2 tana zuwa, an ba ta fenti da takarda, ba ta damu da su ba. Ba wanda ya kore ta, ba wanda ya ce ta ɓata musu lokaci. Rannan wata mai aikin zare ta zo wajen, Judith ta ga zare, ta ɗauki itatuwa ta fara naɗe su. Shi ke nan. Shekara da shekaru tana naɗi, duk abin da hannunta ya kai gare shi sai ta lulluɓe shi da zare da ƙyalle, har ta rasu a 2005. A 2014 gidan tarihin Brooklyn da ke birnin New York ya baje kolin ayyukanta ita kaɗai.

Akwai ma Nnena Kalu, iyayenta 'yan Najeriya ne, a Glasgow aka haife ta. Ita ma naɗi take yi, a wani gidan zane na masu larura da ke Landan mai suna ActionSpace, kuma ita ta ci kyautar Turner, babbar kyautar masu zane ta Birtaniya, a 2025.

Ban ce miki ɗanki zai yi suna ba, wannan na Allah ne. Amma yaron da magana ke masa wuya, ya samu abin da yake zama a kansa awa da awa hankalinsa kwance, ai bai kamata a ƙone masa ba. Ki je wajen tela ki roƙi ragowar yadi mai tsabta, ki ware masa kwali ɗaya da kusurwar ɗaki. Ki ɗauke allura da reza, ki kuma sa ido kar ya naɗa zare a wuya ko ya kai baki. In ya gama ɗaya, kar ki warware, ki ajiye masa a inda zai riƙa gani. Ki turo mana hoton wanda ya yi yau, ina so in gani.