Tabarau mai tare shuɗin haske: amsoshin tambayoyinku

Saƙonnin da suka shigo mini a 'yan kwanakin nan yawancinsu a kan tabarau ne, irin wanda ake cewa yana tare shuɗin hasken waya da kwamfuta. Na zaɓi wasu na taƙaita. Kafin amsa, a riƙe wannan: kaya biyu ake sayarwa da suna ɗaya. Akwai fari garau wanda ke ɗan walƙiyar shuɗi idan aka karkata shi, akwai kuma mai launin ruwan goro ko ruwan ɗorawa mai duhu. Aikinsu ba ɗaya ba ne.

Assalamu alaikum Malam. Shagon buga takardu nake aiki a Kano, wuni nake gaban kwamfuta. Da yamma idanuna sai su riƙa yaji da zafi, wani lokaci har kai ya sara. Mai sayar da tabarau ya ce shuɗin hasken kwamfuta ne ke cin idona, ya nuna mini wani fari. In saya?

Wa alaikumus salam Malam. Idan don yajin ido ne, riƙe kuɗinka. A watan Agustan 2023 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattaro binciken likitanci ta auna ƙarfinsa, ta fitar da nazari a kan irin wannan tabarau. Masu bincike daga Jami'ar Melbourne ta Ostireliya suka duba gwaje-gwaje 17 da aka yi a ƙasashe 6 a kan mutum 619, ba su ga farin tabarau ɗin nan ya rage gajiyar ido fiye da tabarau na yau da kullum ba. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ma ba ta ba da shawarar a saye shi. A Ingila kuwa, a 2017 hukumar da ke sa ido a kan masu sana'ar tabarau ta ci tarar kamfanin Boots Opticians fam 40,000 saboda wata talla da ta zuzuta haɗarin shuɗin haske da amfanin gilashinsu.

Batun cin ido kuma, shuɗin hasken da kwamfuta ke aiko maka bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na wanda hasken rana ke ɗauke da shi ba. Tafiyarka daga shago zuwa masallaci da azahar ta fi zuba maka shi.

Yajin da kake ji gaskiya ne, amma daga wani wuri yake. Mutum kan ƙifta ido kamar sau 15 a minti ɗaya. Da zarar ya zuba wa allon kwamfuta ido, sai abin ya sauko zuwa sau 5 ko 7, kuma wasu ƙiftawar ba sa rufewa gaba ɗaya. Ƙiftawa ce ke shafa siririn hawayen da ke jiƙa gaban ido. Idan ta yi ƙaranci sai ido ya bushe, ga fanka na kaɗa maka iska a fuska, ga ƙurar hunturu idan lokacinta ne. Sannan akwai wata ƙaramar tsoka a cikin ido da ke matsewa duk lokacin da kake duban abu na kusa. Ta wuni a matse, dole goshi ya yi nauyi.

Maganin ba ya cin ko sisi. Duk bayan minti 20 ka ɗaga kai ka dubi wani abu mai nisan kamar mita 6 na tsawon daƙiƙa 20, ka ƙifta ido da gangan. Allon ya zama nisan hannunka idan ka miƙe shi, samansa kuma ya ɗan yi ƙasa da saitin idonka. Ƙara girman rubutu, kada ka riƙa matsowa. Hasken allon ya yi daidai da na ɗakin, kada taga ta kasance tana haskowa a kansa. Juya fankar ta daina dukan fuskarka.

Idan ka yi haka mako biyu ko uku ba sauƙi, je a auna idonka. Sau da yawa mutum na buƙatar gilashin likita bai sani ba, musamman wanda ya haura shekara 40, lokacin da ganin kusa ke fara rauni ga kowa. A Kano akwai asibitin ido na ECWA, a Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Ina roƙonka kada ka shiga kemis ka karɓi maganin ɗigawa don jan ido ba tare da likita ba. Wasu daga cikinsu na ɗauke da sinadarin sitiyaroid, wanda yawan amfani da shi kan jawo hawan jinin ido, shi kuwa wannan makanta yake kaiwa, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa.

Amma Malam, a gabana mai sayar da tabarau ɗin ya haska wata 'yar tocila mai shuɗin haske ta cikin gilashin, hasken bai wuce ba. Wannan ba hujja ba ce?

Abin da ka gani ya faru, sai dai ba shi ya kamata a gwada ba. Ana auna launin haske da tsawon zangonsa, da ma'aunin nanomita. Idon mutum na gani daga wajen 380 zuwa 700, shuɗi kuma ya kama daga kusan 400 zuwa 500. Yawancin 'yan tocilolin da ake haɗowa da tabarau hasken 405 suke fitarwa, can gefe, inda shuɗi ya koma shunayya. Allon waya da kwamfuta kuwa ƙarfin shuɗinsa na wajen 450, sashen da ya fi taɓa agogon barci, wato tsarin da ke cikin ƙwaƙwalwa mai tsara lokacin barci da farkawa, kuma na wajen 480. Gilashin zai iya tare 405 tsaf, ya bar 450 da 480 su wuce abinsu.

Ka duba da hankali ma. Farin haske haɗin launuka ne. Idan ka cire masa shuɗi da yawa, abin da ya rage dole ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan goro. Gilashin da ka ga duniya fara tas ta cikinsa bai cire wani abin kirki ba, shi ya sa fararen kan tare kashi 10 zuwa 25 cikin 100 kawai. Gwada da kanka: buɗe hoton shuɗi zalla a wayarka, ka duba ta cikin gilashin. Idan ya ci gaba da haske shuɗi shar, ka samu amsarka. Mai ruwan goro na gaske kusan baƙi zai mayar da hoton.

Malam, ɗaliba ce ni a Zariya. Ina karatu a waya har wajen ƙarfe ɗaya, in na kwanta kuma barci ya ƙi zuwa. Ƙawata ta ce in nemi tabarau mai ruwan goro. Yana aiki?

'Yar'uwa, a nan maganar tana da tushe. A 2002 David Berson da abokan aikinsa a Jami'ar Brown ta Amurka suka nuna cewa akwai wasu ƙwayoyin halitta a can bayan ido da ke jin haske da kansu, kuma babban aikinsu ba gani ba ne, su ne ke sanar da agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa ko rana ce ko dare. Shuɗin haske ya fi tayar da su. Idan duhu ya yi, jiki kan saki sinadarin melatonin, mai shirya mutum ya yi barci. Haske mai ƙarfi da daddare na jinkirta shi.

Wani bincike da aka yi a asibitin Brigham na Boston, aka wallafa a 2015, ya sa mutum 12 karatu a iPad na tsawon awa 4 kafin kwanciya, dare 5 a jere, da hasken a ƙure. Melatonin ɗinsu ya ragu, agogon jikinsu ya ja baya da fiye da awa ɗaya. Amma lokacin da barci ya ɗauka kafin ya zo ya ƙaru ne da kamar minti 10 kawai. Ki lura da wannan adadin, domin masu talla ba sa faɗarsa.

Tabarau mai ruwan goro kuma an gwada shi. A Jami'ar Columbia, Ari Shechter ya ba wa mutum 14 masu fama da rashin barci, suka riƙa sa shi awa 2 kafin kwanciya har dare 7, suka samu ƙarin barci na kamar minti 30 idan aka kwatanta da lokacin da suka sa fari. Abin ƙarfafa gwiwa ne, amma mutum 14 ba su da yawa, kuma wasu gwaje-gwajen ba su ga bambanci ba. A ganina, idan kina da halin saye, gwada shi ba laifi, da sharaɗi uku: ya zama mai launi sosai, ya rufe gefen ido, kuma da daddare kawai za ki sa. Sa shi da rana kuskure ne, don da rana jiki na buƙatar shuɗin hasken nan domin ya farka sosai.

Sai dai kafin ki kashe kuɗi ki ɗaga kai ki dubi ƙwan fitilar ɗakinki. Ƙwayayen sola da fitilun caji da suka cika gidajenmu farare ne fat, kuma yadda ake ƙera su, shuɗin haske ne a ciki aka lulluɓe shi da wani sinadari mai ruwan ɗorawa ya koma fari. Sau da yawa hasken da ke shiga idonki daga ƙwan ya fi na wayar. A jikin kwalin za ki ga lamba: 6500K shi ne fari fat, 2700K shi ne mai ɗan ja-ja. Ki sa na biyun a ɗakin kwana.

Sannan ba haske kaɗai ke hana barci ba. Wanda ya sayi datar dare mai araha ya zauna kallon gajerun bidiyo, ko ya shiga gardama a Facebook ransa ya ɓaci, ko da gilashin wane iri ya sa ƙwaƙwalwarsa a farke take. Ke ma karatun jarrabawa da fargabarta na cikin abin da ke riƙe ki. Idan za ki iya, ki mayar da wani sashe na karatun bayan sallar asuba, ki ajiye wayar awa ɗaya kafin kwanciya, da hantsi kuma ki fita waje rana ta taɓa ki. Hasken safe na jawo agogon jiki gaba, barci ya riƙa zuwa da wuri. Shayi mai ƙarfi da kofi bayan la'asar ma a rage. Idan rashin barcin ya kai watanni, wannan maganar likita ce.

Wayata na da wani saiti da ke mayar da allon ja-ja da daddare. Ya wadatar?

Shi ne Night Shift a iPhone, wanda ya zo a 2016, Eye comfort shield a Samsung, Eye care a Tecno da Infinix, Night light a Windows. Kunna shi, kyauta ne, kuma mutane da yawa sun fi jin daɗin kallonsa cikin duhu. Amma kada ka ɗora masa buri. A Jami'ar Brigham Young an gwada matasa 167 a wani bincike na 2021: masu kunna Night Shift ba su fi waɗanda ba su kunna ba samun barci. Rage ƙarfin hasken gaba ɗaya na da muhimmanci kamar canza launinsa, don haka ka ja shi ƙasa sosai idan ka kashe fitila.

Direba ne ni, hanyar Kano zuwa Abuja nake bi, galibi da daddare. An ce mai ruwan ɗorawa na rage hasken motocin da ke tahowa. Gaskiya ne?

Malam direba, don Allah kada ka tuƙa mota da daddare da tabarau mai launi. Duk gilashi mai launi rage hasken da ke shiga ido yake yi, kai kuwa da daddare haske kake nema. A 2019 masu bincike a cibiyar ido ta Schepens da ke Boston sun gwada irin wannan a kan mutum 22 a na'urar koyon tuƙi, bai taimaka musu ganin masu tafiya a ƙasa ba, ko da hasken mota na dukansu ko babu. Mutum na jin kamar ya fi gani, alhali bai fi ba, kuma haɗarin ke nan a hanyar da ake samun tirela ta lalace a tsaye ba fitila.

Wanke gilashin motarka ciki da waje, don datti da maiƙo na warwatsa haske. Idan har yanzu fitilun motoci na zame maka wata ƙatuwar da'ira mai kashe ido, je a duba ka, yanar ido kan fara da haka tun kafin a ga fari a ƙwayar.

Assalamu alaikum. Yarona ɗan shekara 7 ne, kullum yana kan wayata yana kallon katun. In saya masa don kare idonsa?

Wa alaikumus salam Hajiya. A'a, ba shi yake buƙata ba. Abin da likitocin ido ke jin tsoro ga yara shi ne raunin ganin nesa, wanda ke ƙaruwa a duniya, kuma ana danganta shi da yawan duban abu na kusa da ƙarancin fita waje. Bincike a makarantun Taiwan da Sin ya nuna ƙara wa yara lokacin wasa a fili na rage yawan masu kamuwa da shi, shawarar da aka fi bayarwa ita ce kamar awa 2 a waje kowace rana. Ki ƙayyade masa lokacin kallo, ki karɓe wayar kafin lokacin barcinsa, ki bar shi ya fita tsakar gida ko ƙofar gida ya yi wasa da 'yan'uwansa. Idan kin lura yana matse ido in zai kalli abu mai nisa, ko yana matsawa daf da talabijin, ko malaminsu ya ce ba ya ganin allo daga baya, ki kai shi a auna shi kafin zangon karatu na gaba.