Daga assalatu zuwa walaha: kalmomin safiyar mai kiwo

Wani matashi daga Gumel, wanda bai daɗe da fara kiwon tumaki a bayan gida ba, ya rubuto cewa: "Malam, kakata ce ke ba ni umarni a kan tumakin nan. Ta ce in leƙa su da assalatu, in zuba musu dusa da jijjifi, kada in sake su sai hantsi, in ba su ruwa da walaha. Ni kuwa da agogon waya na saba. Don Allah ƙarfe nawa ne kowanne?"

Ɗana, ba zan ba ka ƙarfe ba, domin in na ba ka na cuce ka. Waɗannan kalmomi da hasken gari ake auna su, hasken gari kuwa ba ya bin agogo. A Kano rana kan fito wajen ƙarfe 6:00 a watan Yuni, amma a ƙarshen Janairu sai ta kusa 6:50. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai tazarar kusan rabin awa a fitowar rana, alhali agogonsu ɗaya. Saboda haka hantsin Bagumale da na Basakkwace ba za su taɓa faɗawa kan minti guda ba.

Assalatu shi ne farkonsu, lokacin kiran sallar fari, gari da sauran duhu. Sunan daga bakin ladani aka ɗauko shi, inda yake cewa "assalatu khairun minan naum", wato salla ta fi barci. Bahaushe ya riƙe kalmar farko ta zama sunan lokacin. A wannan sa'a babu aikin da ake yi wa dabba sai dubawa: ko wata ta naɗe igiya a wuya, ko mai ciki ta fara naƙuda, ko kuma, Allah ya kiyaye, an yi maka ɓarna cikin dare. Daga nan alfijir ya keto, a yi sallar asuba. Jijjifi kuwa shi ne bayan an fito masallaci, duku-duku, lokacin da za ka iya gane rago da tunkiya amma ba za ka iya zare ƙaya daga kofato ba. Nan ake share turke, a kwashe kashin a tara shi don taki, a dama dusa da ɗan gishiri ko kanwa a zuba, a watsa harawa.

Hantsi ne ya fi bukatar bayani. Kirarinsa "hantsi leƙa gidan kowa", saboda rana ta ɗaga har haskenta ya haura katanga ya faɗo tsakar gidan mai kuɗi da na talaka. Akwai kuma "hantsi ya dubi ludayi", lokacin da an fito da kunu ko fura ana sha. Dalilin da ya sa kakarka ta hana ka sakin tumaki kafin nan shi ne raɓa. Da damina ƙwayayen tsutsar ciki na fita cikin kashin dabba, su ƙyanƙyashe a ƙasa, 'ya'yan su hau ciyawa muddin tana da laima. Tunkiyar da ta yi kiwo da sassafe takan haɗiye su da yawa. In rana ta busar da ciyawar sai su koma ƙasa. Ka ga tunkiya tana ci amma tana ramewa, tana zawo, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura, in ka buɗe fatar idonta ka tarar ta yi fari fat, to yawanci aikin tsutsar ke nan. Ga kuma kumburin ciki da ɗanyen haki mai laima kan jawo wa dabbar da ta kwana da yunwa. Likitocin dabbobi na ba da wannan shawarar, ita kuwa tsohuwa ta taƙaita maka ita da kalma ɗaya. Amma ka lura, wannan hukuncin damina ne da farkon kaka. Da bazara babu raɓa, abin gudu shi ne zafin rana, don haka sai a juya lissafin a fita da su tun da sanyi.

Walaha na bin bayan hantsi, rana ta fara zafi amma ba ta kai tsaka ba. Asalinta Larabci ne, "wad-duha", farkon sura ta 93 a Alƙur'ani. In kana mamakin yadda "d" ta koma "l", wannan tsohuwar al'adar bakin malamanmu ce a kan harafin da suke kira lodi. Ita ta ba mu alƙali, alwala, farilla, larura, lamiri da Ramalan. Layya ma daga wannan saiwa ta fito, ita da walaha 'yan gida ɗaya ne, domin yankan ana yin sa ne bayan rana ta ɗaga an sauko idi. Ka ga ragon da kake turkewa da lokacin da za ka shayar da shi sunansu ya haɗu.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce: "Ina jin ana cewa 'da sanyin safiya ake kama fara', ana kuma cewa 'in kana sammako, wani a tafe ya kwana'. Na farko na zuga mutum ya tashi da wuri, na biyu kamar yana sage masa gwiwa. Wanne za mu ɗauka?"

Hajiya, ki ɗauki duka biyun, don ba mutum ɗaya suke yi wa magana ba. Ke da kike ƙasar da ake soya fara a sayar a kasuwa kin fi ni sanin na farkon. Fara ba ta da ɗumin jiki nata na kanta, sanyin dare kan sandarar da ita, raɓa ta jiƙa mata fiffike, sai yaro ya tsince ta da hannu a kan kara ya jefa a buhu. Da zarar hantsi ya ɗumama ta, ko da gudu ba ka cim mata. Karin maganar ba yabon tashi da wuri take yi haka kawai ba. Cewa take kowane abu yana da sa'ar da yake kamuwa, in ta wuce sai wahala. Shi ya sa ake faɗa wa mai neman aure, da ɗalibi, da mai ciwon da ke jan ƙafa wajen zuwa asibiti.

Na biyun kuwa maganin mai alfahari ne. Sammako ba farkawa ba ce. Wanda ya farka da assalatu ya ci gaba da juyi a kan tabarma bai yi sammako ba, sai ya kama hanya ko ya kama aiki. To ki ɗauki mutumin da ya kora awakinsa tun duku-duku zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, yana tafe yana jin babu ya shi. Ya isa kara, wato inda ake cinikin dabbobi, ya tarar da waɗanda suka taso daga ƙauyukan Damagaram tun jiya ko shekaranjiya, sun kwana a hanya, har dillalai sun gama zagaya dabbobinsu. Shi ne za a kalla a ce masa wani a tafe ya kwana. Ana faɗinta ga ɗan kasuwa mai ganin ya fi kowa dabara, da mai wayon da ya gamu da wanda ya fi shi. Ban yarda da masu fakewa da ita don su koma barci ba. Wanda ya kwana a tafe ai ya fi mai sammako wahala, ba hutawa ya yi ba.

Wani malamin firamare daga Funtuwa ya tambaya: "Zakara kuka yake yi ko cara? Ɗalibaina sun rubuta 'kukan zakara' na soke."

Malam, ka mayar musu da makinsu. Kuka babbar rumfa ce, jaki da akuya da tsuntsu duk suna shiga ƙarƙashinta, kuma "kukan zakara" Hausa ce tsantsa. Cara ita ce kalmar da ta keɓanta da shi, kamar yadda doki ke da haniniya, kare ke da haushi, kaza ke kyarkyara in za ta yi ƙwai. Inda ba a musanyawa shi ne cikin karin magana: zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. A nan in yaro ya sa "kuka", to ka soke.

Tambaya ta ƙarshe daga wata ɗalibar aikin jarida ce a Zariya: "Muna rubuta 'ɗaurin talala' da 'takunkumi' a labarai kullum, amma ban san asalinsu ba. An ce mini daga wurin dabbobi suka fito."

Gaskiya aka faɗa miki, 'yata, kuma ba su kaɗai ba ne. Harshen siyasarmu cike yake da igiyoyin makiyayi. Turke shi ne guntun icen da ake kafawa a ɗaure dabba, daga shi aka samu "turke rago", wato a tsare shi wuri ɗaya ana kawo masa abinci har ya yi ƙiba, da kuma "an turke shi da tambayoyi". Talala doguwar igiya ce. Da damina, lokacin da gonaki suka kewaye gari, mai akuya kan fita da ita da hantsi ya ɗaure ta a bakin hanya da igiya mai tsawo, ta yi kiwo iya inda igiyar ta kai, in rana ta yi tsaka ya zo ya sauya mata wuri. Tana yawo, amma ba ta da ikon wuce iyaka. Shi ya sa wanda aka tsare a gidansa ba a kurkuku ba ake cewa an yi masa ɗaurin talala, kamar yadda kafofin labarai na Hausa suka yi ta faɗa a kan hamɓararren shugaban ƙasa Mohamed Bazoum bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023. Dabaibayi kuwa ƙafafun gaba ake haɗewa, jaki ya riƙa tafiya da ɗan tsalle ba ya nisa, daga nan muka samu "matsaloli sun dabaibaye shi".

Takunkumi baki ake sa wa, don kada dabba ta ci abin da ba a so ko ta yi cizo. Kalmar ta yi tafiya mai nisa: ita ce matakin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar a 2023 ta ɗage a Fabrairun 2024, ita ce kuma ƙyallen da muka rufe hanci da shi a 2020. A ganina wanda ya fara ɗora ta a kan hukuncin tattalin arziki ya iya Hausa, domin abin da ake nufi ke nan, a hana ƙasa ci. Ki ƙara da ragamar mulki, da karkata akala, da makami mai linzami. Ragama da linzami na doki ne, akala ta raƙumi.

Akwai wata igiyar da ba ta shiga jarida ba, dangwali, wadda muka aro daga Fulatanci. Doguwa ce mai madaukai, a kanta ake jera maruƙa su kwana nesa da iyayensu don nono ya taru. Da asuba mai tatsa zai kwance maraƙi ɗaya, ya bar shi ya ɗan tsotsa har nonon ya sauko, sannan ya janye shi ya ɗaure kusa da ƙafar uwar, ya tsuguna da ƙwarya tsakanin gwiwoyinsa. Shanunmu masu tozo, Bunaji ne ko Rahaji ko Bokolo, yawancinsu ba sa sakin nono sai sun ga ɗansu. In ya gama sai ya bar wa maraƙin saura, ya kwanto na gaba. Wannan ne ya sa garken da ake tatsa ba ya fita kiwo da wuri, sai an bi shanun ɗaya bayan ɗaya.

Kuskure ɗaya nake yawan gani a rubutun 'yan jarida matasa, shi ne amfani da "akuyar ɗaure" a ma'anar wanda aka zalunta aka tsare. Ba haka Bahaushe ke nufi ba. Akuyar da ta shafe damina a turke, ranar da aka kawar da amfanin gona aka sake ta (a Nijar hukuma ce ma ke sanar da ranar sakin gonaki), ba ta tsayawa wuri ɗaya, kowane gida sai ta faɗa, kowane kwano sai ta sa baki. Saboda haka in aka kira mutum akuyar ɗaure, zargi ne a kan rawar kan da yake yi bayan ya samu sake, ba tausayin tsarewar da ya sha ba. In tsarewar kike son faɗa a labarinki, ki rubuta ɗaurin talala.