Kwamfuta ɗaya, rajista uku: ɗaga hannunka daga gogewa

Ka ce kwamfutocin da GLPI, manhajar da ke riƙe rajistar na'urorin ofis, ke nunawa sun fi waɗanda ka ƙirga da idonka a ofishin nan na Garki, wata laftof ma ta fito sau uku, kana tambaya ko ka goge biyu ka bar ɗaya. A'a, yarona, dakata tukuna. In ka goge yau, gobe da safe ejen ɗin da ke cikin na'urar, wato ƴar manhajar da ke aika wa GLPI bayananta, zai sake aiko da rahoto, abin ya dawo. Kuma mai yiwuwa wadda ka goge ita ce mai ɗauke da ranar saye, da garanti, da sunan ma'aikacin da ya sa hannu ya karɓa. Ranar da masu odit suka zo, ita za su nema.

Tambayar farko ita ce: da me manhajar take gane cewa na'urar yau ita ce ta jiya? Ita ba ta da ido. Lambar siriyal take dubawa, ko UUID na BIOS (doguwar lambar shaida da ke cikin bod, wato babban allon cikin kwamfuta), ko adireshin MAC (lambar shaidar katin da ke haɗa ta da netwok), ko sunan kwamfutar, ko lambar da ejen ya samu ranar da aka girka shi. Kamar ɗakin kati ne a asibiti: mutum ya zo babu katinsa, aka rubuta sunansa da wani harafi daban, sai a buɗe masa sabon fayil. Saboda haka buɗe rajistun ukun nan a jere, ka bi su layi-layi har ka ga inda suka saɓa.

In suna ne, da sauƙi. An yi fomat, Windows ta raɗa mata sabon suna mai farawa da DESKTOP, ba wanda ya mayar da na da.

MAC kuwa ni ban yarda da shi ba ko kaɗan. Laftof ɗaya tana da na Wi-Fi, tana da na waya, kuma tun Windows 10 akwai saitin da ke sa na Wi-Fi ya riƙa canzawa. Ga kuma ƴar adaftar USB ɗin nan da kake yawo da ita a aljihu kana jona wa kowace laftof ranar girki. Adireshin MAC na adaftar ne, duk na'urar da ta taɓa ta za ta kai rahoto da shi.

A nan ne babbar matsalar take, wadda ba ka tambaya ba. Kwamfuta ɗaya ta fito sau biyu, wannan ana gani. Amma kwamfutoci biyar su cunkushe cikin rajista ɗaya, kowacce ta zo ta shafe bayanin ƴar'uwarta, wannan ba mai lura sai an nemi kaya an rasa. Alamarsa a tarihin rajistar take: yau sunan na akanta, gobe na sakatariya, girman RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin na'urar, yana hawa yana sauka. Kwamfutocin haɗi, irin waɗanda ake harhaɗawa a Banex da sauran shagunan Wuse, da yawansu ba su da siriyal na gaske a bod, sai ka ga an rubuta "To be filled by O.E.M." ko "Default string" a gurbin. Guda ashirin ma duk haka za su amsa. Haka in ka kwafi hard disk ɗaya zuwa na'urori da yawa da manhajar kwafi ta Clonezilla alhali ejen yana ciki, duk za su tashi da lamba ɗaya. Ejen a bayan kwafi ake girka shi, kada ka manta wannan.

Kada ka dogara da allon manhaja kawai. Je ka wurin laftof ɗin, juya ta, karanta sitikar da ke ƙasa. Sannan buɗe PowerShell, wurin rubuta umarni a Windows, ka rubuta Get-CimInstance Win32_BIOS ka ga ko siriyal ɗin ya yi daidai. In Dell ce, Service Tag ɗinta, wato siriyal ɗinta, haruffa da lambobi 7 ne. In ba su dace ba, tambayi ko an taɓa canza mata bod, domin masu gyara kan manta su shigar da tsohuwar lambar a sabon bod.

Wata ƙofar kuma Excel ce. Idan an shigo da jerin kaya daga can, sifilin farko yana ɓacewa, lamba kuma in tsawonta ya wuce lambobi 15 sai Excel ya mayar da ragowar sifili. Ga masu rubuta harafin O a madadin 0. Rajistar hannu da ta ejen ba za su taɓa haɗuwa ba.

Gyaran kuwa, fara da ajiye kwafin rumbun bayanan. Sannan shiga dokokin shigo da kaya na GLPI ka sa siriyal a gaba, UUID ya biyo, suna a can ƙarshe. Siriyal na bogi da MAC na adaftarka ka jefa su cikin jerin waɗanda GLPI zai yi watsi da su, akwai wurin da aka tanada don haka. Kwamfutocin haɗi ka liƙa musu lambar ofis, da ita za a san su. Sai bayan nan ka taɓa rajistun: riƙe tsohuwa mai tarihi, kwaso abin da ke cikin sababbin, ka tura su kwandon shara ba tare da ka share kwandon ba. Bar su mako guda, kowace na'ura ta kai rahoto, mu ga ko wani abu ya sake tsirowa.

Fara da laftof ɗin nan mai rajista uku. Rubuto min siriyal, UUID da MAC na kowacce a takarda, ka kawo min bayan La'asar mu duba tare.