Filin Tambayoyin Kwamfuta: Layin da ya ƙi goguwa, da adon da firinta ke yankewa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni sakatariya ce a wata makarantar 'yan mata a Katsina. Ina cikin buga rahoton taron malamai a Word, sai na jera karan ɗori uku (---) don in raba bayani da bayani, na danna Enter. Kawai wani dogon layi ya ratsa shafin daga gefe zuwa gefe. Na yi ta danna Delete da Backspace bai goge ba, na kai linzami kansa ya ƙi kamuwa. Da na share rubutun da ke samansa ma, sai ya haura ya zauna ƙarƙashin wani sakin layin. Ko bairas ce ta shiga kwamfutar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, kwamfutarki lafiya lau take. Wannan koken yana yawan zuwa mini a shago, musamman lokacin da ɗalibai ke rububin buga firojet. Word yana da ɗabi'ar gyara wa mutum aiki yana cikin bugawa. Idan ya ga karan ɗori uku su kaɗai a kan layi, aka bi su da Enter, sai ya share su, ya mayar da su iyakar ƙasa ta sakin layin da ke sama. Saboda haka abin da kike gani ba harafi ba ne balle Delete ya cinye shi, ba kuma zane ba ne balle linzami ya ɗauko shi. A jikin tsarin sakin layin yake.

Haurawar da ya yi miki ma tana da dalili. Duk sanda kika danna Enter daga cikin sakin layin da ke ɗauke da iyakar, sabon da ya fito yakan gaji tsarin na farko. Idan uku ko huɗu a jere suna da iyaka iri ɗaya, Word yakan nuna layin a ƙarƙashin na ƙarshensu kawai. Kina cire na ƙarshe, na samansa ya fito fili. Shi ya sa nake cewa kada ki tsaya a kan sakin layi ɗaya. Ki shafa linzami ki zaɓi uku ko huɗu da ke saman layin har da wanda ke ƙasansa, ki je Home, ki nemi ɗan akwatin nan mai kama da taga a rukunin Paragraph, ki danna 'yar kibiyar da ke gefensa, ki zaɓi No Border. Shi ke nan. Idan kuma yanzun nan layin ya fito, ba ki taɓa komai ba tukuna, Ctrl da Z sun isa, karan ɗorinki uku za su dawo yadda kika buga su.

Amma kafin ki tsani abin, ki san cewa hanya ce mafi sauri ta jan layi mai tsabta. Karan ɗori uku na ba da siririn layi. Uku na ___ na ba da mai kauri, uku na === na ba da tagwaye, uku na *** na ba da jerin ɗigogi masu kauri, uku na ~~~ na ba da mai lanƙwashe-lanƙwashe, uku na ### kuma na ba da layi uku da na tsakiya ya fi kauri. A rahoton taro, ni siririn nan nake so a ƙarƙashin sunan makaranta, sauran shafin a bar shi fari. Idan kuwa kin fi son a daina yi miki shisshigi gaba ɗaya, ki bi File, Options, Proofing, AutoCorrect Options, ki shiga AutoFormat As You Type, ki cire alamar da ke gaban Border lines.

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara sani. Ni malamin Islamiyya ne a Zariya, muna shirin bikin saukar Alƙur'ani, an ɗora mini aikin takardun shaidar ɗalibai. Na sa ado ya zagaye shafin, a kwamfuta ya yi kyau ƙwarai, amma da muka kai shagon bugawa sai gefe ɗaya ya fito a yanke. Mai shagon ya ce laifin aikina ne, ni kuma ina ganin firintarsa ce. Ina gaskiyar take?

Amsa: Amin, Malam, Allah ya sanya albarka a karatun yaran. Kowannenku yana da rabin gaskiya, amma gyaran a hannunka yake.

Babu firintar ofis ta yau da kullum da ke zuba tawada har bakin takarda. Dole ta bar wurin da za ta kama takardar ta ja, kuma wasu masu tawadar ruwa kan bar fiye da santimita ɗaya a gefen da ke fita ƙarshe. Shi kuwa Word, in ba a ce masa komai ba, yana ajiye adon gefe ne 24 pt daga bakin takarda, wato kusan milimita takwas da rabi. Ka ga adon ya faɗa cikin wurin da firintar ba ta iya kaiwa. Tunda takardar shaida a kwance ake yin ta, gefen da zai yanke hagu ne ko dama, ba ƙasa ba.

Ka buɗe Design, ka danna Page Borders. Idan tsohon Word ne na 2007 ko 2010, a Page Layout za ka same shi. A cikin akwatin da zai buɗe akwai maɓallin Options a ƙasa ta dama. Wurin da aka rubuta Measure from, ka sauya shi daga Edge of page zuwa Text, ka kuma cire alamar Surround header da Surround footer. Yanzu adon zai auna nisansa ne daga rubutu, ya matso ciki. Mafi nisan da Word ke yarda a ba shi 31 pt ne, don haka idan ka bar santimita biyu da rabi a kowane gefen shafi, adon zai zauna inda kowace firinta ke iya kaiwa.

Akwai abu na biyu da nake zargi, kuma shi ya fi yi wa mutanenmu ɓarna. Kwamfutoci da yawa da ke shigo mana an saita su ne kan takardar Amurka, wadda ake kira Letter, mai faɗin milimita 216 da tsawon 279. Takardar da muke saye a rim kuwa A4 ce, milimita 210 da 297. Ta Amurka ta fi tamu faɗi da milimita shida, tamu ta fi ta tsawo da sha takwas. A wasiƙa ba a cika lura ba, amma da zarar akwai layin da ya zagaye shafi sai asiri ya tonu: gefe ɗaya ya matse, ɗayan ya bar fili. Ka duba Layout, Size, ka tabbata A4 ce tun kafin ka fara tsara komai. In ka gama, ka ajiye aikin a matsayin PDF, shi za ka kai shago, ka kuma sa a buga guda ɗaya kacal ka riƙe a hannu ka duba kusurwoyi huɗun kafin a saki sauran.

Ba ka tambaye ni wane ado ka zaɓa ba, amma zan sa baki, don abin yana damuna. Jerin da ke ƙarƙashin Art yana farawa ne da tuffa da askirim da yankan kek, sannan zukata da balan-balan, kuma na sha ganin an zagaye takardar shaidar Alƙur'ani da irinsu don su ne suka fara bayyana. Ka daure ka gangara can ƙasan jerin, inda baƙaƙen zane-zane na saƙa da kusurwoyi suke. Su ake iya sauya wa launi, su ne kuma ke fita sarai ko an yi fotokwafi. Ka tuna allon zayyana da ake yi wa mai sauka: duk kyawun zanen, mai zayyana ba ya barin ado ya hau kan aya, yana zagaye ta ne ya bar mata fili. Haka nake so sunan yaro ya zama a takardar nan. Faɗin 15 zuwa 20 pt ya wadatar wa adon. Tagwayen layi kore ko ruwan ƙasa daga jerin Style ma, ba tare da wani zane ba, sun fi rabin abin da ke Art kwarjini, ga kuma sauƙin tawada idan takardun suna da yawa.

Tambaya: Ni akawu ne a wata ƙungiyar manoma a Gusau. Idan na yi fom mai wuraren cike suna da gari da lambar waya, layukan ba sa ƙarewa wuri ɗaya, wani ya yi tsawo wani ya gajarta. Wurin sa hannun shugaba da sakatare ma kullum a karkace yake.

Amsa: Alhaji, na san abin da kake yi: kana danne maɓallin ___ har sai ido ya ce ya isa. A tafireta wannan yana aiki, don kowane harafi faɗinsa ɗaya. A Word haruffa ba su da faɗi ɗaya, "Suna" da "Lambar waya" ba za su taɓa barin fili iri ɗaya ba.

Ka zaɓi layukan fom ɗin duka, ka danna 'yar kibiyar da ke kusurwar rukunin Paragraph, sai Tabs. A Tab stop position ka rubuta inda kake so layin ya tsaya, misali 16 cm, a Leader ka zaɓi lamba 4, ka danna Set, sannan OK. Daga nan ka rubuta "Suna", ka danna Tab sau ɗaya, layi zai miƙe da kansa har santimita sha shida. Na ƙasa ma haka, dukansu a wuri ɗaya za su tsaya ko da ka sauya girman rubutu daga baya. Lamba 2 kuwa ɗigogi take bayarwa, irin na shafin ƙumshiya.

Wurin sa hannu kuma, teburi mai gida uku a jere ya fi. Ka rubuta "Shugaba" a gidan hagu, "Sakatare" a na dama, na tsakiya ka bar shi wayam. Ka cire iyakokin teburin duka da No Border, sannan ka sa Top Border a gidajen gefe biyun. Ana iya jan layi daga Insert, Shapes, a danne Shift don ya miƙe sak, amma ba na ba da shawararsa a fom, domin irin wannan layin yawo yake a saman shafi, ana ƙara rubutu sai ka same shi ya ratsa sunan wani.

Tambaya: Daga Maraɗi nake. Word ɗina na Faransanci ne, sunayen da kuke ambata ba na ganin su.

Amsa: Ɗan'uwa, maɓallan suna nan a wuraren da na faɗa, sunan ne kawai ya bambanta. Home shi ne Accueil, No Border shi ne Aucune bordure, babban akwatin iyakoki kuma Bordure et trame. Ka riƙa bin hoton maɓallin, ɗan akwatin mai kama da taga iri ɗaya ne a kowane harshe. Dabarar alamomi uku da Enter ma tana aiki a wurinka.

Tambaya: Da can akwai layukan ado masu launi da ganyayyaki da nake sawa a katin ɗaurin aure. A sabuwar kwamfutata na neme su na rasa.

Amsa: Hajiya, ba idonki ba ne. Har zuwa Word 2010 akwai maɓallin Horizontal Line a cikin akwatin Borders and Shading da ke buɗe tarin waɗannan layukan, daga Word 2013 aka cire shi, a ƙarshen 2014 kuma Microsoft ya rufe rumbun hotunansa na Clip Art. Horizontal Line da ya rage a jerin iyakoki layi ne mara ado, sai dai in kin danna shi sau biyu kina iya sauya masa launi da kauri da tsawo. Layukan da kike kewa hotuna ne, don haka in kina da tsohon katin a ajiye, ki kwafo layin daga ciki ki liƙa a sabon. Abin da nake yi wa masu kati shi ne ɗan gajeren layi a tsakiya, rabin faɗin shafi, da 'yar fure ɗaya daga Insert, Symbol, a rubutun Wingdings.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe. Na sa layi ya zagaye bangon firojet ɗina, sai ya bi dukan shafukan.

Amsa: Ɗana, ka koma Page Borders, a ƙasa ta dama akwai Apply to. Yana kan Whole document, ka mayar da shi This section - First page only. Idan ka riga ka raba aikin sashe-sashe don lambar shafi, layin zai iya maƙalewa a sauran sassan, to ka fara zaɓar None a kan Whole document, sannan ka dawo shafin farko ka sa shi shi kaɗai. Kafin ka kashe kuɗin bugawa da ɗauri, ka karɓi takardar ƙa'idar rubutu ta sashenku ka duba, domin akwai malaman da ba sa karɓar layi ko a bangon, kuma siririn layi baƙi guda ɗaya shi ne iyakar abin da zan yarda ka sa.